Amsa: Yadda soriyasis ke bayyana a damatoskof

Ɗan'uwa, ka tambaya ko soriyasis, cutar fata mai sa ɓawo, kamanninta ɗaya ne a ko'ina a jiki idan aka duba da damatoskof, wato na'urar duba fata mai gilashin ƙara girma da fitila. Tushen ɗaya ne, amma wuri yana sauya shi.

A gwiwa da gwiwar hannu, da ƙarin girma sau 10, za ka ga ɗigo-ɗigon jajayen jijiyoyin jini jere daidai wa daida, da farin ɓawo a sama. Wannan daidaiton shi ne babbar alama, domin a egzima, wata cutar fata mai ƙaiƙayi, ɗigon a tattare suke nan da can, ɓawon kuma rawaya ne. Idan ka ɗaga ɓawon a hankali, ƙananan ɗigon jini sukan fito.

A fatar kai jijiyoyin sukan murɗe kamar zobe, saɓanin amosani mai kumburi, inda suke reshe-reshe. Tafin hannu da na ƙafa sun fi wahala: kaurin fata yakan rufe ɗigon, sai ka shafa man jel ya jiƙa ɓawon tukuna. A hammata, matsematsi da ƙarƙashin nono ɓawo kusan babu saboda danshi, ɗigon kuwa a fili suke. A farce ka nemi ƙananan ramuka, tabo kamar ɗigon mai, da siraran layukan jini a tsaye.

Kuskuren da na fi gani shi ne danna gilashin damatoskof a kan fata da ƙarfi. Jinin sai ya gudu, ɗigon su ɓace. A baƙar fata kuma kada ka jira jan launi, fatar da ke kewaye da ɗigon takan yi duhu ko ruwan makuba.