Tambaya da Amsa: Me ya sa mahayan sukuwa ƙanana ne, kuma ba sa zama a sirdi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. A gidan dawaki na tashi, kuma abin da mahaifinmu ya koya mana shi ne mahayi ya zauna daram a sirdi, ƙafa a miƙe cikin likkafa, kamar yadda ake yi a hawan sallah. Amma a sukuwar Turai da nake kallo a talabijin, mahayan duk ƙanana ne, sun duƙa a wuyan doki ba sa ko taɓa sirdi. Shin haka abin yake tun asali? Daga mai karatu, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba haka yake tun asali ba, domin Turawan ma irin zaman da mahaifinku ya koya muku suke yi har zuwa ƙarshen ƙarni na 19.

A tseren da aka buɗe filin Askot na Ingila da shi a 1711, manyan dawaki ne aka tsara su ɗauki kilo 76 su yi gudun mil huɗu har sau uku, nauyin da magidanci zai hau da shi ba tare da ya hana cikinsa tuwo ba. Da hankali ya koma kan dawaki 'yan shekara uku da gajeren zango, irin gasar Dabi da aka fara a 1780, sai nauyin ya yi ta raguwa. A yau kilo 57 ne doki namiji yake ɗauka a babbar gasar Kentaki ta Amurka, har da sirdi. Ana ɗora mahayi a sikeli rungume da sirdinsa kafin tsere da bayansa, wanda bai kai ba kuma a cika masa da ɓallin dalma. Ka ga ke nan nauyi doka ta ƙayyade, ba tsawo ba.

Dogaye sun hau, amma sun ji jiki. Fred Archer, wanda ya riƙe kambin gwarzon mahayan Ingila shekara 13 a jere, tsawonsa ya kusa mita 1.8, kuma da yunwa da maganin zawo da wankan tururi yake riƙe nauyinsa, har ya harbe kansa cikin gigitar zazzaɓi a 1886 yana da shekara 29. Wannan ɓangaren ne na tarihin sukuwa da ba na iya karantawa ban ji zuciyata ta sosu ba.

Tsugunnon kuwa daga Amurka ya fito. Wani baƙar fata, Willie Simms, ya hau da gajeriyar likkafa a Ingila a 1895, amma Tod Sloan da ya iso a 1897 shi ne ya cinye tsere bayan tsere har masu yi masa dariya suna cewa biri ne a kan sanda suka koma suna rage tsawon likkafarsu. A 2009 masana a wata kwalejin likitancin dabbobi ta Landan suka bayyana dalili, bayan sun lura cewa lokacin kammala tsere ya ragu da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a shekarun da salon ya bazu. Doki a guje, a kowane taku yana tashi yana sauka, yana zabura yana ɗan lafawa. Wanda ya manne a sirdi, dole dokin ya yi ta cilla shi gaba yana tare shi, taku bayan taku. Wanda ya tsaya a likkafa kuwa gwiwoyinsa ne suke shanye girgizar, gangar jikinsa tana tafiya sumul, sai dokin ya ɗauki nauyinsa kawai ba tare da wahalar jijjiga shi ba. Mahayin ne yake biya da cinyoyinsa, shi ya sa za ka ga ya sauko yana haki bayan gudun minti biyu.

Kada wannan ya sa ka raina zaman gida. Sirdinmu mai tudu gaba da baya an yi shi ne domin mai riƙe da mashi, wanda zai sako doki a guje ya ja linzami ya tsaya cak a gaban Sarki ya yi jinjina, kuma duk wanda ya gwada jahi a tsugunne ta kan doki zai wuce. Sirdin sukuwa, wanda wani bai kai kilo ɗaya ba, gudu kaɗai ya sani.

Abin da nake roƙon masu dawakinmu shi ne su daina neman rashin nauyi a jikin yara. Na taɓa tsayawa a bakin wani filin sukuwa na ga an ɗaga yaron da bai wuce shekara goma ba an aza shi a kan doki, ba takalmi, ba hular kwano, hannunsa na rawa a kan linzami. Idan za ka koyi salon nan, ka sami babba ya tsaya maka, ka fara a kilisa, ka riƙa rage likkafar kaɗan-kaɗan, da hular kwano a kanka tun ranar farko.