Ke da za ki kafa teburin kimiyya a titi, ga abin da ya same ni

Wa alaikumus salam Malama. Wallahi tun jiya da daddare da na karanta tambayarki nake ta juyi, don kamar ni ce na rubuta ta shekara biyu da suka wuce. Kin ce za a rufe layinku ranar wata Asabar cikin hutun Disamba a yi baje-koli, an ba ki tebur ɗaya ki nuna wa yara da iyayensu kimiyyar da za su taɓa da hannunsu, ga kuɗin da aka ba ki bai taka kara ya karya ba, kuma ba ki san me za ki ɗauka ba. Na ga wasu sun turo miki jerin gwaje-gwaje har ashirin daga intanet. Allah ya saka musu da alheri, amma wanda ya rubuta wannan jerin bai taɓa tsayawa a titin Kano cikin hunturu da hantsi ba.

Ni ma da irinsa na fita. Gwaji goma sha ɗaya na shirya, sati biyu ina gwada su a falo, duk suna tafiya lafiya lau. Ranar da na isa titi, kafin ƙarfe 11:00 guda bakwai sun mutu. Kyandir ɗin da zan kife da kofin gilashi ya ƙi kamawa, ashana kwali guda ta ƙare a kai. Garin masoro da ake barbaɗawa a ruwa a ɗiga sabulu ya watse, iska ta kwashe shi ta watsa a idon wata yarinya, uwarta ta yi mini kallon da har yau ban manta ba. Ƙwayayen kumfar sabulu kuwa ko tashi ba sa yi suke fashewa, saboda iskar hunturu a bushe take ƙarau, tana shanye ruwan jikinsu nan take. Balan-balan ashirin da muka hura tun asuba muka ɗaure a ƙafar tebur, rana na ɗagawa suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙen ne suka fara.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa miki abin da ya sa na yi kuka.

Shugaban kwamitin shirya taron, wanda da ƙafarsa ya zo makarantarmu ya roƙe ni, shi ya nuna mini wurina tun ana saura kwana uku: gindin wata darbejiya, kusa da famfon wani gida. Na yi murna, ga inuwa ga ruwa. Da safen na sauko daga Keke Napep da kwalaye huɗu da ɗalibaina biyu, sai na tarar da mai sayar da lemon kwalba ya jera firjinsa a wurin. Na nemo shugaba, yana ta waya, ko kallona bai yi sosai ba ya ce, “Malama ki yi haƙuri, shi wannan ya biya kuɗin rumfa, ke kuwa kin san taimako ne.” Taimako. Ni da na ƙara kuɗin aljihuna a kan abin da suka bayar. Ya nuna mini can ƙarshen layi, tsakanin mai tsire da janareton masu kiɗa, tsakiyar rana fetal, ba rumfa ba ruwa. Sai da na tare mai kura na sayi jarka uku. Hayaƙin tsire a ido, ƙarar janareto a kunne, in ina magana yaron da ke gabana ba ya ji sai na sunkuyo kamar mai raɗa.

Na haɗiye wannan. To wajen azahar sai na ji muryarsa a lasifika, yana son ya jawo mini mutane a tunaninsa: “Jama'a ku garzaya ƙarshen layi, akwai wata malama mai siddabaru, tana mayar da jan ruwa kore!” Malama, siddabaru fa ya ce. Shekara goma sha huɗu ina koyarwa, a gaban iyayen ɗalibaina, a unguwar da surukata take. Kan ka ce kwabo samari sun yi mini zobe suna ihun a yi musu rufa-ido, wani yana tambaya ko zan iya ninka masa ɗari biyar. Wata mata ta fizge hannun ɗanta daga teburin tana a'uziyya, yaron yana riƙe da cokalina ya tafi da shi. Na juya baya kamar ina neman abu a kwali, hawaye na zuba a kan ledar kanwa. Har yau mutumin nan bai ba ni haƙuri ba. Mun haɗu a wani ɗaurin aure ya ce, “A'a, Malama mai abin mamaki!” yana dariya. Na gaishe shi don darajar furfurarsa, amma Allah ya sani ban huce ba. Kuma cokalin nan cikin kayan aurena yake.

Don haka kafin ki sayi ko tsinke, ki sa a rubuta miki wurinki a takarda, da rumfa, da inda za ki ɗebi ruwa. Kuma ki rubuta musu da hannunki abin da za a faɗa a lasifika, kada ki bar wa kowa wannan.

Abin da ya cece ni ranar shi ne zoɓo. Wata tsohuwa ce ta tsaya tana kallona, ta ga ja ya koma kore-kore mai duhu, ta ce, “Ke 'yar nan, ba kanwa kika sa ba?” Na ce ita ce, Iya. Ta juya wa samarin nan ta ce, “To ina siddabarun yake? Uwar kowa a nan ta san kanwa na kashe tsamin yakuwa.” Sai na miƙa mata cokali na ce ita ta yi. Ta ɗiga ruwan kanwa, ya yi duhu. Na ba jikarta ɓarin lemon tsami ta matsa a ciki, ya yi 'yar kumfa, jan ya dawo. Yarinyar ta yi tsalle. Daga nan ban ƙara yin gwaji da hannuna ba har aka tashi, kuma daga nan maganar siddabaru ta mutu, don ba wanda zai ce jikarsa matsafiya ce.

Ga yadda za ki haɗa shi. Ki jiƙa zoɓo a ruwan zafi da daddare, ba sukari ba citta, ki tace. Ki sirka shi da ruwa sosai har ya zama ja mai haske da ake hango ƙasan kofi, don in ya yi kauri kamar na sha ba a ganin canjin, baƙi kawai zai yi. Kofunan roba farare masu nuna ciki, a kan farin faranti. Kanwa ki jiƙa ta daban ki tsiyaye ruwan saman. Sinadarin da ke ba zoɓo launinsa, antosayanin, shi ke sauya kala gwargwadon tsamin abin da ya haɗu da shi: ja a cikin asid, kore ko shuɗi-shuɗi a cikin alkali. Kumfar kuma iskar kabon ce da ke fita in tsami ya haɗu da kanwa. Ki lura, duk lokacin da kika ce “alkali” sai wani yaro ya tambaye ki ko na kotu, ni dai na koma cewa “dangin kanwa” da “dangin tsami”. Ki ajiye ruwan tsamiya, ruwan toka, ruwan omo, su yi canki-canka kafin su ɗiga. Sai dai ki sa babba ya tsaya a kai, don yara na ganin zoɓo a kofi za su kai baki. Ni sai da na ƙwace na omo daga hannun wani ɗan shekara huɗu.

Kurkum ma yana yi, a shafa a farar takarda ya bushe, yaro ya rubuta sunansa da ruwan kanwa ya fito ja, ya tafi da ita gida. Amma yana ɓata tufafi kuma ba ya fita da sauƙi, iyaye mata ba za su gode miki ba.

Na biyu gasara. Ki sayi ɗanyen kullun kamu wanda ya kwanta ya yi tauri, ko garin sitaci, kamar kofi biyu da kofi ɗaya na ruwa, ki zuba a faffaɗar roba. In yaro ya naushe shi sai ya ji kamar ƙasa, in ya sa yatsa a hankali ya nutse, in ya dunƙula ya saki ya tsiyaye. Duk macen da ta taɓa dama koko ta san yadda yake riƙe ludayi, sai ki ga suna dariya suna cewa ashe wannan ma karatu ne. Iska ba ta ɗaukarsa, rana sai dai ta busar da shi ki yayyafa ruwa. Wannan ne ya cinye mini jarka biyu wajen wankin hannu, ki tanadi bokiti da tsumma.

Balan-balan kada ki fasa ɗauka, amma ki hura ɗaya-ɗaya lokacin da ake buƙata. Hunturun da ya kashe mini kumfa shi ne ya fi dacewa da wannan, don lantarkin guga ya fi taruwa in iska ta bushe, shi ya sa bargo ke ƙyas-ƙyas da daddare a watan Disamba. Littafi zai ce a goga a gashi, to mu 'yan matanmu da hijabi, mazan kuma an yi musu ƙwal-kwabo. A rigar sanyi za su goga. Kada ki sa yagaggun takardu, za su bi iska. Ki kwantar da gwangwanin lemo wanda ba komai ciki, su ja shi da balan-balan ba tare da sun taɓa ba, ki sa biyu su yi tsere. Iyaye maza sun fi yaran rigima a kan wannan.

Af, maza. Ban yi zaton za su tsaya ba, abin da ya tsayar da su sanda ce kawai. Ɗalibina ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a cikin gwangwanin yashi, duk rabin awa yaro ya zo ya zana ƙarshen inuwarta da alli a kan kwalta. Inuwar ta yi ta gajarcewa har tsakanin 12:20 da 12:30, ta tsaya wajen santimita 70 tana kallon arewa, sannan ta fara miƙewa gabas. Wani dattijo da ya fito daga masallaci ya tsuguna ya karɓe darasin daga hannuna, yana nuna wa yara zawali, da yadda ake ƙara tsawon sanda a kan inuwar zawalin a gane shigar la'asar. Na ja gefe na sha ruwa. Rana ɗaya tilo da zama a tsakiyar rana ya yi mini amfani.

Ki kuma ɗauki tukwanen ƙasa biyu, ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama, tumatir a ciki. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa yana tafiya da zafi, kamar dai randa. Hannu kawai za su zura su ji. Ki faɗa musu Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, da wannan ya ci kyautar ƙirƙira ta kamfanin Rolex a shekarar 2000. Wani uba sai da ya sa na maimaita sunan, ya dubi ɗansa ya ce, “Ka ji ko, ɗan nan Jigawa.” Amma tukunyar tana son inuwa da iska, kin ga mun koma maganar rumfa.

Madubin ƙara girma kada ki kai shi. Yaro ɗaya ya gano yana ƙona takarda shi ke nan, na gaba a wuyan ƙaninsa zai gwada, ko ya ɗaga ya kalli rana. Wuta kowace iri ce ki bar ta a gida. Gilashi ma haka.

Sannan ki daina tunanin za ki yi bayani kamar a aji. Iyali ba sa wuce minti uku a tebur, ga mai alawa yana kira, ga goyo yana kuka. Tambaya ɗaya ta isa: me kake jin zai faru? Ki nemi manyan ɗalibai uku, ki koya musu tun kafin ranar, kowa da abinsa, kuma ki ciyar da su. Nawa biyun tun safe har la'asar ba wanda ya kawo musu ko ruwan leda daga kwamitin, alhali ina gani ana wucewa da kulolin shinkafa zuwa rumfar manyan baƙi. Mai tsiren nan da na yi ta jin haushin hayaƙinsa shi ya naɗo musu a takarda, ya ce sadaka. Bayan an watse ya zo da kansa ya ce in ba shi ya gwada na zoɓon.

Robobina da kofuna kusan arba'in da tukwanen suna nan a sito, ba abin da nake yi da su. In a cikin gari kike ki yi mini magana ta gefe ki aiko a ɗauka. Babbar tukunyar ta ɗan tsage a baki amma tana riƙe yashi. Kanwa dai ki sayi sabuwa, tawa na zuba ta a wake.