Ka fara da Zariya kafin ka hango Turai

Ƙanina na ga saƙonka, ka ce ka gama sakandare kana Rigasa, kana son koyon gyaran jirgin sama a waje har Baba na shawarar sayar da fili a biya maka. Don Allah ka roƙe shi ya dakata tukuna.

A wannan sana'ar lasisi ne ke magana, satifiket ɗin makaranta tsani ne kawai. Mai lasisi shi ke sa hannu a takarda ya ce jirgin nan lafiyarsa lau ya tashi, kuma ba a ba ka shi sai ka ci jarrabawa ka kuma nuna shekarun da ka yi kana taɓa jirgi da hannunka. Nan Jamus inda nake, tsarin EASA ake bi, wato hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai, akwai lasisin B1 na inji da gangar jikin jirgi, akwai B2 na lantarki da na'urori, kowace jarrabawa sai ka ci kashi 75 cikin 100, sannan ko ka gama makarantar da suka amince da ita sai ka ƙara shekara 2 kana aiki, in ba ta nan ka bi ba abin na iya kai shekara 5. To wa zai ɗauke ka aikin kana kan bizar ɗalibi? Nan ne yaranmu da yawa ke maƙalewa, kuɗi sun ƙare, littafin da ake rubuta aikin da ka yi a kan jirgi ba komai a ciki. Ingila ma tun da ta fita daga Tarayyar Turai lasisinta daban yake.

Alhali kai ga NCAT, kwalejin koyon aikin jirgin sama, nan a Zariya tun 1964 take, suna da sashen gyaran jirgi, mota ɗaya za ka hau daga Kawo. Ga AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama a Mando, farar hula ma suna shiga ta JAMB. Ka yi ɗaya daga ciki, ka nemi lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ka shiga hanga, wato rumfar gyaran jirgi, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Gaskiya lasisin gida ba ya juyewa ya zama na Turai kai tsaye, sai ka sake zama jarrabawa, amma wanda ya zo da shekarun aiki a rubuce da sa hannun injiniya, ba a kallonsa kamar sabon shiga. Wallahi littafin aikin nan ka riƙe shi da kyau, ko taya kuka canza ka rubuta ranar da lambar jirgin a sa maka hannu a take.

Aikin kuma ka san shi tun yanzu, yawanci na dare ne don da rana jirage na sama. Ƙarfe 3 na dare kana ƙarƙashin fiffike da tocila, sanyi na cin yatsu, noti ɗaya sai ka buɗe littafin kamfani ka ga ƙarfin da za a ɗaure shi, ba a aiki da ka. In sifana guda ta ɓace ba mai tafiya gida sai an gano ta. Ni dai ina son aikin nan har raina.

In dai Jamus ɗin ce dole, akwai koyon sana'a a kamfani na shekara 3 da rabi, ana biyanka kana koyo, sai dai fa da Jamusanci ake yi, ka fara koyonsa tun kana gida. Turo min sakamakonka na WAEC in ga lissafi da fiziks, sannan ka gaida min Baba.