Tambaya da Amsa: Wai da gaske haske na gane jabun magani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni mai kemis ne a nan Jega jihar Kebbi, shekara tara ina wagga sana'a. Kwanaki na ga ma'aikatan NAFDAC da wata na'ura kamar ta POS, sai su kara ta ga katin magani ko ɓare shi ba su yi ba, jim kaɗan su ce wanga na kirki ne wancan jabu. To Malam mi take gani a ciki? Kuma in ta ce magani ya yi, shi ke nan in saida ma mutane hankali kwance? Don wallahi wata damina na taɓa saro maganin maleriya kwali guda, mutum ukku sunka dawo min zazzaɓi bai sauka ba, har yau abin na cina.
Mai kemis, Jega

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da abin ya tsaya maka a rai.

Na'urar da ka gani ina kyautata zaton TruScan ce, NAFDAC ta daɗe tana aiki da ita. Ka san yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su biya, daga ƙarar kawai su gane ko ta tsage? To kusan haka ne, sai dai ita da hasken leza, wato wani siririn haske mai ƙarfi, take ƙwanƙwasa ƙwayar. Hasken na ratsa ledar katin in dai mai haske ce, ya bugi maganin ya dawo, kusan dukansa da launin da ya tafi da shi, amma wani ɗan mitsitsi, kamar ɗaya cikin miliyan goma, yakan dawo launinsa ya ɗan sauya saboda sinadarin da ya buga ya girgiza, kuma kowane sinadari da irin tasa girgizar, farasitamol daban, alli daban, garin sitaci daban. Sai na'urar ta zana layi mai tudu da kwari, ta gwada shi da na maganin asali da aka riga aka adana mata. In sun dace ta wuce da shi, in ba su dace ba ta ƙi. Wani masani ɗan Indiya, C.V. Raman, shi ya gano wannan a 1928 har aka ba shi kyautar Nobel a 1930, shi ya sa ake kiran hanyar da sunansa.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi damuna gaskiya. A'a Alhaji, kada ka saki jiki gaba ɗaya. Na'urar gwana ce wajen kama wanda ya dunƙula alli ya shafa masa kala, amma ba ta da ƙarfi wajen faɗin YAWAN maganin da ke ciki. Ɗauki maganin maleriyar nan mai ruwan ɗorawa, a ƙaramar ƙwayarsa akwai sinadarai biyu, artemether miligiram 20 da lumefantrine 120, to mai yawan yana iya danne muryar ɗan kaɗan ɗin, in macuci ya rage shi ba lalle ta farga ba. Haka maganin da ya sha zafin rana a bayan mota ko a shago mai rufin kwano, ka san dai Jega a watan Afrilu, ƙarfinsa na iya raguwa ya kuma tsallake gwajin. Irin wannan sai an kai ɗakin gwaji kamar na NAFDAC da ke Kaduna, a narka ƙwayar a auna. Kuma abin ba ƙarami ba ne, a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko mara inganci.

Kwalin nan naka yana iya zama ɗaya daga ciki, yana kuma iya yiwuwa zazzaɓin mutanen ba maleriya ba ne tun farko, don haka ka riƙa tura su gwajin jini tukuna. Ka saro wajen dila mai rajista ka karɓi rasit, ka kankare lambar jikin kwali ka tura tes ɗin nan na kyauta da ake tantance na asali da shi tun kana gabansa. In kuma mutane sun sake dawo maka haka kar ka zubar da sauran, rubuta lambar bach ɗin, wato lambar rukunin da kamfani ya buga a kwalin, ka kai ofishin NAFDAC na Birnin Kebbi da kwalin a hannunka.