Tambaya da Amsa: In canza katin wifi ko in bar shi?

Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a nan Damagaram, ina zaune a Birni. Ina da tsohuwar HP da yayana ya kawo min daga Kano, in na jona ta da ƙaramin akwatin 4G ɗinmu na gida sai tai ta juyi kafin shafi ya buɗe. Abokina yace katin wifinta ne ya tsufa, wai in sa Intel AX200 mai gudun 2400. Dan Allah in saya?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsaya tukuna, kar ka fidda jikkunanka yanzu, dan wallahi abin na damuna yadda yara ke kashe kuɗin abinci a kan kati alhali ba nan ciwon yake ba.

Abokinka bai yi ƙarya ba kan lambar. Katin zamanin Wi-Fi 4 wanda ya fito a 2009, in mai eriya ɗaya ne, megabit 72 a sakan yake bayarwa, iyakarsa 150. Wi-Fi 5 yana kai 433 da eriya ɗaya, 867 da biyu, shi kuma AX200 ɗin Wi-Fi 6 ne, a takarda yana kai 2400. To amma wannan gudun tsakanin kwamfutarka ne da akwatin kawai, kuma sai in shima akwatin ya iya wannan yaren, sannan a aikace kusan rabi ake samu. Ka ɗauka rezo yana ba akwatinku megabit 10 da yamma sa'ad da kowa ya hau, to ko wane kati ka sa 10 ɗin nan dai za ka sha, kamar mai ga-ruwa ne ya sayo babbar tanka alhali famfon ɗigo yake. Kuma ka tuna megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya, kar lambar kan kwali ta ruɗe ka.

Ga gwajin da ba zai ci maka ko dala ba. Ka zauna kusa da akwatin, ka auna gudu da Speedtest, manhajar auna saurin intanet, a wayarka, sannan a kwamfutar, wuri ɗaya lokaci ɗaya. In sun zo kusa da juna, katinka lafiyarsa lau, ka mai da akwatin bakin taga ko ka gwada wani sim. In kuwa wayar ta tsere mata da nisa to sai mu dubi kwamfutar. Nan ma ba lalle kati ba ne, kwanaki na buɗe wata na tarar da siririyar wayar eriya, baƙar, ta fita daga ɗan maɓallinta tana lilo cikin ƙura, na danna ta da farce tace ƙas, shikenan aiki ya dawo.

In dai canjin ya zama dole ka kula, tsofaffin kwamfutoci ramin mini PCIe gare su, AX200 kuwa M.2 ne, ba zai shiga ba kuma bakin wayoyin eriyar ma ba iri ɗaya ba ne. Wasu tsofaffin HP da Lenovo ma BIOS ɗinsu, wato shirin da ke tada kwamfuta in an kunna, ƙin baƙon kati yake, ka kunna ta ƙi tashi. Kar kuma a haɗa ka da AX201, shi sai da wasu furosesa na Intel yake aiki.

Sannan kai da ke Birni, layin wifi na 5GHz da sabbin katunan ke taƙama da shi ba ya ratsa kaurin bangon ƙasa kamar tsohon layin 2.4GHz, in akwatin na zaure kai kana can ƙuryar ɗaki tsohon layin zai fi yi maka amfani. Ni da ni ne kai, in gwajin ya nuna katin ne, ɗan kle wifi na USB zan nema a kasuwar Dole, in sa mai shagon ya jona shi a gabana in ga ya kama kafin in biya. Ka turo min lambobin da gwajin ya ba ka da samfurin HP ɗin, yana rubuce a ƙasanta.