Sammacin raina kotu kan kuɗin ciyar da yara a New York: amsa ga ɗan'uwa direba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce kana tuƙin Uber a Bronx, kotun iyali ta yanke maka dala 600 duk wata na ciyar da 'ya'yanka biyu, ka yi hatsari ka kwanta jinya, wata bakwai ba ka biya ba. Yanzu uwar yaran ta kai ƙara, an kawo maka sammaci mai gargaɗin ɗaurin wata shida, wasu kuma suna ba ka shawarar kada ka je sai ka haɗa kuɗin.

Wannan shawarar ka yi watsi da ita. Wanda bai je ba, alƙali yana iya ba da takardar kama shi, kuma a ci gaba da shari'a ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ko aljihunka babu ko sisi, ka je kotun iyalin nan ta Bronx da ke Sheridan Avenue ranar da aka rubuta, da sassafe, don layin bincike a ƙofa yana cin lokaci. Kafin ka ce komai a kan bashin ka nemi abu biyu: tafinta, in Turancinka bai zauna ba, da lauya. Tafinta kyauta ne. Lauya kuma, dokar kotun iyali ta New York ta ba wanda ake zargi da ƙin biya da gangan damar a naɗa masa ɗaya in ba shi da halin ɗauka, tunda ɗauri yana cikin abin da ke iya biyo baya. Ba kowace jiha ce take haka ba, saboda haka 'yan'uwan da ke Texas ko Ohio su bincika tasu.

Abin da kotu za ta duba ba wai ko ana bin ka ba ne, wannan takardun ofishin gwamnati mai karɓar kuɗin ciyar da yara sun riga sun nuna. Abin da take so ta sani shi ne: kana da halin biya ka ƙi, ko kuwa ba ka da shi? A shari'ar Turner da Rogers ta 2011, Kotun Ƙolin Amurka ta soke ɗaurin wata 12 da aka yi wa wani uba a South Carolina, saboda an kulle shi ba tare da an gaya masa cewa ƙarfin aljihunsa shi ne jigon maganar ba, alƙalin kuma bai rubuta cewa ya same shi da halin biya ba. Tun daga nan, inda ba a naɗa wa mutum lauya ba, ya zama wajibi a sanar da shi hakan, a karɓi bayanin dukiyarsa, a ba shi damar amsawa, sannan alƙali ya faɗa a fili cewa yana iyawa kafin ya tura shi gidan yari.

Sai dai kada wannan ya sa ka saki jiki. A New York, sashe na 454 na dokar kotun iyali ya ce rashin biyan kawai ya isa hujjar farko ta ganganci. Da zarar matar ta nuna umarnin kotu da lissafin bashi, ta gama nata. Nauyi ya dawo kanka, kai za ka kawo shaidar rashin hali, kuma "wallahi ba ni da shi" ba shaida ba ce a wurinsu. Mafi yawan mutanenmu da ke faɗuwa a nan gaskiya suke faɗa, takarda ce ba su da ita.

Tunda hatsari ne hujjarka, takardun asibiti su ne ƙashin bayan shari'arka. 'Yar wasiƙar likita mai layi uku sau da yawa ba a karɓarta, ana ɗaukarta a matsayin an-ce-ka-ce tunda likitan bai zo an yi masa tambayoyi ba. Ka je sashen ajiyar bayanan marasa lafiya na asibitin ka nemi cikakken fayil ɗinka mai tambarin tabbatarwa. Ya kasance a ciki an rubuta daga wace rana zuwa wace rana ba za ka iya aiki ba, da irin aikin da ba za ka iya ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin lauyan matar zai ce, to, baya ya hana ka tuƙi, me ya hana ka gadi ko zaman kanti? Daga ranar da likita ya ce ka warware, hujjar jinya ta ƙare, sai hujjar neman aiki. Ka buɗe littafi: kwanan wata, sunan wurin, wanda ka gani, abin da suka ce, da kwafin duk takardar neman aiki da ka cika ta intanet. Wurare biyu ko uku a wata shida alƙali ba zai kira shi nema ba.

Ka haɗa da rahoton 'yan sanda na hatsarin, da takardar harajinka ta shekarar da ta wuce, da bayanin kuɗin shiga da kamfanin ke fitar wa direbobi mako-mako wanda zai nuna ranar da kuɗi suka tsaya, da bayanan duk asusunka na banki na watannin. In kamfanin inshora ya biya ka kuɗin asarar aiki, ka faɗa da bakinka. Za a ba ka fom na bayanin dukiya da ake cikawa bisa rantsuwa, kuma in aka kama ka da ɓoye asusu ɗaya, duk sauran maganarka ta zube.

Bayanan bankin nan ka zauna ka karanta su layi-layi kafin kotu da lauyan matar su karanta, don a nan ne ake kama 'yan Afirka ta Yamma. Duk dalar da ka aika gida daga asusunka ta Western Union ko Remitly za ta fito. A wurinmu aika wa mahaifiya kuɗin magani ko buhun shinkafar azumi wajibi ne. A wurin alƙali, mutumin da ya aika dala 300 Kumasi ko Kano a watan da bai ba 'ya'yansa komai ba yana da halin biya, ya zaɓi wani abu ne. Haka zubin adashi, haka ginin da ake ɗagawa a gida, haka tikitin jirgi, haka hidimar sabon aure. In akwai irin wannan, ka gaya wa lauyanka tun farko ya san yadda zai tunkare shi, kada ya fara jin sa daga bakin abokin hamayya.

Akwai hujjojin da ake zuwa da su da ƙarfin gwiwa amma ba sa aiki. Cewa ta hana ka ganin yara ƙara ce daban da za ka shigar, ba ta goge bashin da ya riga ya taru. Cewa kun sasanta a gaban liman ko dattawan unguwa ta yafe, matuƙar ba a kai kotu an sauya umarni ba, lissafi yana nan yana hawa. Kayan sallah da takalma da wayar da ka saya wa yara kyauta ake ɗaukarsu. Kuɗin da ka ba ta hannu da hannu ma, in umarnin ya ce ta ofishin karɓar kuɗi za ka biya, da wuya a lissafa maka sai in ta amince a gaban kotu, ko kana da shaidar tura kuɗin a rubuce. Shelar karayar arziki kuma ba ta shafe bashin ciyar da yara ko na tsohuwar mata.

Akwai abin da ya kamata ka yi tun makon da ka kwanta, ka yi shi gobe: shigar da takardar neman a rage adadin. Dokar tarayya ta 1986 da ake kira gyaran Bradley ta hana kowane alƙali rage bashin ciyar da yara da ya taru a baya. Ragi yana farawa ne daga ranar da ka shigar da takarda, ba daga ranar hatsari ba, don haka kowane wata da ka jinkirta wata dala 600 ce ta zauna daram. A New York ana sauraron buƙatar in yanayi ya sauya sosai, ko shekara uku ta wuce da umarnin, ko kuɗin shiga ya sauya da kashi 15 cikin ɗari, muddin ba kai ka jawo raguwar da kanka ba. Na yara biyu ana lissafin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin shiga. Sannan ka sa lauyanka ya duba wannan: dokar jihar ta ce wanda kuɗin shigarsa bai wuce ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya ba, bashin da zai taru a kansa a wannan lokacin ba zai haura dala 500 ba. Mutane da yawa ba su san da shi ba, kuma sai ka tabbatar da kuɗin shigarka na watannin da takarda.

Kafin ranar zama ka biya wani abu, ko dala 50 duk mako, ta ofishin, ka riƙe rasit. Mutumin da ya biya kaɗan-kaɗan da wanda bai biya ko ɗaya ba a wata bakwai ba ɗaya suke ba a idon mai shari'a.

In abin ya juya maka, ka san yadda yake tafiya. Majistaren da ke sauraron ƙarar ciyarwa ba ya ɗaure mutum da kansa, shawara yake bayarwa, sai a kai gaban alƙalin kotun iyali ya tabbatar ko ya ƙi. Yawanci ana sa wani adadi da in ka biya ba za a kulle ka ba, ko a sake ka in an riga an kulle. A kan wannan adadin ne lauya mai kyau yake ja, ya nuna abin da kake iya samowa yau ba abin da ake fata ba. Kada ka yi alkawarin dala 3,000 a wata ɗaya don tsoro, in ka saɓa ka ƙara wa kanka laifi. Alƙali yana da zaɓin sa ido a kanka a waje ko tura ka shirin neman aiki maimakon gidan yari. Zaman gidan yarin kuma ba ya rage ko dala ɗaya daga bashin, sannan hukuncin ganganci yana jawo a ɗora maka kuɗin lauyan matar.

Tunda mota ce abincinka, ka kula da wasiƙun ofishin karɓar kuɗi: bashin wata huɗu ya isa a fara shirin dakatar da lasisin tuƙi, kuma wasiƙar tana da wa'adin ƙalubalanta ko ƙulla yarjejeniyar biya. In kana da fasfon Amurka, bashin da ya haura dala 2,500 yana hana a ba ka sabo ko a sabunta. In kuwa kana shirin neman zama ɗan ƙasa, ƙin ciyar da iyali da gangan yana cikin abin da hukumar shige da fice ke dubawa wajen auna halin mutum, don haka kafin ka amince da kalmar ganganci a kowace yarjejeniya, lauyan shige da fice ya fara ganin takardar.