Shin sarakunan Turai sun taɓa juya akalar masu zaɓen Fafaroma?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa a zamanin da sarakunan Turai suna da ta cewa a kan manyan limaman ɗarikar Katolika da ake kira kadinal, har wani sarki yana iya hana a zaɓi mutum Fafaroma. Shin haka ne, kuma ta yaya sarki zai sami iko a kan mutanen da ba shi ya naɗa su ba?

Amsa: Haka ne, kuma abin ya ɗauki ɗaruruwan shekaru bai gushe ba sai a farkon ƙarni na 20. Sai dai hana zaɓen da ka ji labari shi ne ɓangaren da ya fi fitowa fili kawai, domin ainihin ikon sarakuna yana farawa ne tun kafin a rufe wa masu zaɓe ƙofa.

Kadinal-kadinal su ne masu ba Fafaroma shawara, kuma su ne masu zaɓen wanda zai gaje shi, kusan kamar matsayin masu zaɓen sarki a masarautunmu. A shekarar 1059 Fafaroma Nicholas na II ya damƙa zaɓen a hannunsu da nufin raba shi da manyan gidajen birnin Roma da sarakunan Jamus, sannan a 1179 aka sharɗanta cewa sai mutum ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Wannan gyara ya tara iko a hannun mutane ƙalilan, sarakuna kuwa ba su daɗe ba suka gane cewa jawo ra'ayin mutum ashirin ko talatin ya fi sauƙi a kan jawo ra'ayin gari guda.

Hanya ta farko ita ce naɗi. A bisa doka Fafaroma ne kaɗai ke ba da jar hular kadinal, amma al'ada ta kafu cewa sarakunan Faransa da Sifaniya da Ostiriya da Fotugal suna miƙa sunayen mutanensu, kuma da wuya a mayar musu da buƙata. Clement na V, wanda aka zaɓa a 1305 a lokacin da Sarki Philip na IV na Faransa ke tashen ƙarfi, ya naɗa kadinal goma a karon farko, tara daga cikinsu Faransawa, kuma tun daga nan Fafaroma bakwai a jere, dukansu Faransawa, suka zauna a birnin Avignon da ke Faransa ta yau, maimakon Roma, har 1377. Daga baya wasu kadinal suka zama waziran sarakuna kai tsaye, irin su Wolsey a fadar Henry na VIII na Ingila, da Richelieu wanda ya riƙe gwamnatin Louis na XIII na Faransa daga 1624 zuwa 1642.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ta fi kowace tasiri, ita ce dukiya. Kadinal na wancan zamani yana zaune a fada, yana ciyar da barori da malamai masu yawa, kuma yawancin kuɗin shigarsa yana fitowa ne daga filaye da gidajen ibada da ke cikin ƙasar wani sarki, ko daga albashin shekara da sarkin ya yanka masa. Mutumin da abincin gidansa ke hannun Sarkin Sifaniya, ko da ɗan Italiya ne, zai yi dogon tunani kafin ya jefa ƙuri'a ga wanda sarkin ba ya so. Shi ya sa a 1590 jakadan Sarki Philip na II na Sifaniya ya iya gabatar wa masu zaɓe sunaye bakwai a matsayin waɗanda ubangidansa zai amince da su. A zaɓen 1769 ma, matsin lambar sarakunan Faransa da Sifaniya da Fotugal a kan rushe ƙungiyar limaman Jesuit ya mamaye zaman, kuma wanda aka zaɓa, Clement na XIV, ya rushe ta a 1773.

Wanda ya bijire kuwa yana ɗanɗana kuɗarsa. Fafaroma Paul na III ya naɗa John Fisher kadinal a 1535 yana tsare a kurkukun Landan saboda ya ƙi yarda Henry na VIII ne shugaban cocin Ingila, kuma bayan 'yan makonni sarkin ya sa aka fille masa kai. A 1810 Sarki Napoleon na Faransa ya hana kadinal 13 sa jajayen tufafinsu, ya kuma kore su zuwa garuruwa daban-daban, don sun ƙi halartar bikin aurensa na biyu.

Sai batun hawa kujerar na-ƙi. Daga ƙarni na 17 sarakunan Faransa da Sifaniya da Ostiriya suka riƙa iƙirarin cewa kowannensu yana da damar hana mutum ɗaya a kowane zaɓe, ta bakin wani kadinal da ya riƙe saƙon a asirce, wanda dole ya furta shi kafin ɗan takara ya kai yawan ƙuri'un da ake bukata. Babu wata dokar coci da ta taɓa amincewa da wannan dama, amma masu zaɓe suna kiyaye ta, domin a lokacin Fafaroma yana mulkin ƙasa a tsakiyar Italiya, kuma ƙasar tana bukatar kariya daga rundunonin waɗannan sarakuna. Da haka Ostiriya ta hana Kadinal Severoli a 1823, Sifaniya kuma ta hana Kadinal Giustiniani a zaɓen da ya biyo bayan rasuwar Pius na VIII a 1830.

Karo na ƙarshe shi ne 1903, bayan rasuwar Leo na XIII. Kadinal Rampolla, sakataren harkokin fadar Vatican, yana kan gaba da ƙuri'u 29 cikin 62, sai Kadinal Puzyna na birnin Krakow, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Ostiriya, ya miƙe ya sanar cewa Sarki Franz Joseph na Ostiriya bai yarda da shi ba, saboda ana ganin ya karkata ga Faransa da Rasha. Masu zaɓe sun fusata, har ƙuri'un Rampolla suka ƙaru zuwa 30 a zagaye na gaba, amma daga nan suka fara raguwa, aka zaɓi Giuseppe Sarto ranar 4 ga Agusta, ya ɗauki sunan Pius na X. A watan Janairun 1904 shi da kansa ya haramta al'adar, ya ce duk kadinal da ya sake kawo saƙon wata gwamnati cikin zaɓe, ko da a matsayin fata ne kawai, an fitar da shi daga coci.

Ina ganin abin da ya ba shi wannan ƙarfin gwiwa shi ne asarar da fadarsa ta yi a 1870, lokacin da sojojin Italiya suka karɓe Roma. Tunda babu sauran ƙasar da za a nemi sarki ya kare, babu kuma abin da sarki zai yi barazana da shi, ga shi kuma juyin juya halin Faransa da abin da ya biyo baya sun riga sun cinye yawancin filayen da kadinal ke ci a ƙasashen sarakuna. Abin da ya rage shi ne biki kawai, inda shugabannin wasu ƙasashen Katolika ke ɗora wa sabon kadinal hula, kamar yadda Shugaba Auriol na Faransa ya yi wa Roncalli a 1953, mutumin da ya zama Fafaroma John na XXIII a 1958. Paul na VI ya dakatar da wannan ma a 1969, kuma dokar zaɓe da John Paul na II ya fitar a 1996 ta sake jaddada haramcin 1904.